Shekarar da Aka Ba Ni Makullin Famfo

Ku ɗiyana, na san abin da kuka tashi kuna ji game da baffanku Mamman. An ce mutum ne mai riƙo, wai tun da Allah ya buɗa mini ya kasa haɗiye abin, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa zama a kan tabarmar gidan nan ba. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma an sha faɗa a gabana kuna ji, ban kuwa tsawatar ba, kuma shirun babba a irin wannan wuri shaida ne. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran ƙarfin jera magana.

A Tungar Marke aka haife mu ni da shi, a gidan da ke bayan tsohon masallaci. Ƙaramin gari ne, amma masu sayen albasa daga Aliero sun san hanyarsa, haka ma duk mai cin kasuwar Jega ya san buhunanmu. Gabas da garin akwai kwarin nan da kuka sani, wanda yake bushewa ƙayau da rani, in damina ta sauka kuwa ya cika ya batse har jaki ba ya iya ƙetarawa. Bayan kwarin shi ne Tudu. A lokacin da nake ba ku labari babu gida ko ɗaya a Tudu, sai gonakin gero da rudun albasa, wato rumfunan da muke shimfiɗa ta a kai don iska ta ratsa ta. Kowa a Tsohon Gari, yamma da kwarin, yake kwana. Mai shanu hamsin da mai akuya ɗaya katanga ce kawai tsakaninsu, rijiya ɗaya suke ja, kuma in an yi tuwo a babban gida sai ƙamshinsa ya shiga ƙaramin gida tare da kwano.

Da aka zo ƙara yanka ƙananan hukumomi, wasu mutane suka zo da mota, suka zagaya, suka koma. Bayan wani lokaci muka ji cewa kwarin nan shi ne iyaka. Tsohon Gari ya faɗa wata hukuma mai nisan sakatariya, Tudu kuma ya faɗa wata da ke kusa, a bakin babbar hanya. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, don ba su nake tuhuma a nan ba. Na tabbata wanda ya ja layin bai nufi kowa da sharri ba, kwari ne ya gani a takarda, ya ga ya fi sauƙin bi. Mu ma dariya muka yi. Dattawa suna cewa an raba mu da gonakinmu a takarda, to sai mu ga ko gero zai ƙi fita.

Gero bai ƙi fita ba, amma wani abu ya fara fita wanda ba mu shuka ba. Hukumar da ke kusa ta zuba jar ƙasa a hanya, ta tsaya daidai bakin kwari. Aka kafa turakun lantarki, na ƙarshe yana kallon masallacinmu daga ƙetare. Aka gina aji biyu da ɗakin shan magani, daga baya aka haƙa rijiyar burtsatse aka ɗora mata tanki da famfo. Mu kuwa a namu ɓangaren mun zama wutsiyar wata hukuma mai ƙauyuka da yawa, kafin abu ya iso gare mu ya ƙare a hanya. Alhaji Bello mai motoci ne ya fara tashi, don motocinsa sun gaji da kafewa a yashi. Malaman makaranta suka bi, dillalan albasa suka bi, sai ga ma'aikata daga wajen Aliero suna neman fili. Filin da a da rago ɗaya zai ba ka shi, ya kai matsayin da ko bijimi ba ya isa. Babu wanda ya kori talaka daga Tudu, kuma babu wanda ya kafa doka. Sai dai duk wanda ke da hali ya hau, wanda ba shi da shi ya zauna, har aka wayi gari in ka tsaya a bakin kwari kana iya gane aljihun mutum daga ɓangaren da yake kwana.

Ni kuma a daidai lokacin nan albasa ta karɓe ni shekara uku a jere. Mahaifiyarku Saratu ita ta fara maganar tashi, ban kuwa ga laifinta ba har yau. Rijiyar Tsohon Gari takan ja baya da bazara har sai guga ya fito da laka. Da damina kuma manyanku sukan yi sati ba su je makaranta ba saboda kwari ya cika. Na sayi fili kusa da tankin ruwa, na fara gini ban gaya wa kowa a gida ba. Amma magana ba ta ɓuya a ƙaramin gari. Wata safiya muna tsakar gida, Inna tana tsince wake a faifai, Yaya Mamman yana gyaran igiyar jakinsa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Garba, an ce ka aza harsashi Tudu."

"Na aza, Inna. Ɗaki ukku na, guda naki na."

"Nawa? Ni da ɗakina. Daga Andarai anka kawo ni wanga ɗaki, daga nan za a ɗauke ni."

Na juya ga Yaya ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya gama ƙulla igiyarsa, ya ja ta ya ga ta yi ƙarfi, sannan ya ce:

"Allah shi sa albarka. Abu guda nika roƙo, in ka hau ka riƙa waiwayowa. Duk waɗanda sunka tahi sun ce za su yi, har yau ƙeyarsu kaɗai muka gani."

Na rantse masa cewa ni ba haka nake ba. Da gaske nake a lokacin.

Mun tare bayan girbi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin Tudu. Na ji daɗin fitila da ba ta hayaƙi, da ganin Saratu ta huta da jan guga, da yadda aka fara matsa mini wuri a sahun gaba. Amma a cikin daɗin akwai wani ɗan tsoro. Ni ne na baya-bayan nan da ya hau, kuma kowa ya san uwata da yayana suna ƙetare. In ana hira aka ce "mutanen ƙetare" sai in ji kamar an waiwayo ni. Mutanen da suke faɗin kalmar kuwa duk a ƙetaren aka yanke musu cibiya.

Bazarar shekarar ta zo da zafi. Rijiyar Tsohon Gari ta ja baya tun kafin lokacinta, mutane suka riƙa haurowa da jakuna da jarkoki suna bin layi a famfon Tudu tun asuba. Injin ya lalace sau biyu. Ma'aikacin da aka turo gyara ya ce an haƙa rijiyar ne daidai yawan mutanen wannan mazaɓa, in ana so ta daɗe to mutanen ƙetare su nemi tasu a wurin tasu hukumar. Bai faɗa da mugunta ba, yana goge hannunsa da tsumma ya faɗa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ranar Juma'a bayan la'asar aka tsaya a harabar masallaci. Alhaji Bello ya kawo shawarar a kewaye famfon da waya, a sa kwaɗo, ruwa ya zama na gidajen Tudu kaɗai. Wasu suka ce haka ne, wasu suka sunkuyar da kai. Sai ya juyo ya dube ni a tsakiyar jama'a.

"Garba, kai mi kac ce? Kai ad da mutane can."

Na sha tuna wannan lokaci. Da na ce a raba lokaci, safe namu yamma nasu, na san akwai aƙalla mutum uku a wurin da za su bi bayana, don na ga fuskokinsu. Da na ce ruwa ba a yi masa iyaka, ba wanda zai doke ni. Amma na ji idanu a kaina, na ji kamar ana auna ko ni ɗan Tudu ne ko baƙo. Sai na ce:

"Abin da jama'a sunka gani, shi na."

"Madalla," in ji Alhaji Bello. "Tunda gidanka ya hi kusa, kai za ka riƙa makulli."

Haka aka sa mini shi a hannu. Na koma gida da shi a aljihu, Saratu ta dube ni ta ce, "Ka karɓa?" Na ce an ba ni. Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ina tsaye a bakin famfo mutanen unguwa suna ɗiba, sai na hango jakin Yaya yana haurowa daga kwari da jarkoki huɗu. A bayansa akwai wasu mutum biyar ko shida daga Tsohon Gari, har da wani tsoho maƙeri da ya ƙera mini fartanyar farko da na fara noma da ita. Sun ji labarin kwaɗon, amma sun ji cewa makullin yana hannun Garba, shi ya sa suka biyo yayana. Shi ya fara gaishe ni, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni.

"Garba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya. Ya Inna?"

"Ta kwana. Rijiya ta ƙahe tun shekaranjiya. Buɗe muna."

Masu ɗibar ruwa suka juyo suna kallonmu. Na matsa kusa da shi, na rage murya.

"Yaya, ka kewaya gida. Akwai duro cike, Saratu na ba ka."

Ya waiwaya ya dubi waɗanda ke bayansa.

"Waɗanga hwa?"

Na kau da kai, sai ya ce:

"Ba ruwan gidanka nika tambaya ba, Garba. Na gwamnati nika tambaya."

A nan ne na faɗi maganar da ta raba mu. Na ce:

"An ce na mutanen nan na."

Ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, kamar dai mutum yana ƙoƙarin tuna inda ya san wani.

"Mu hwa, mutanen ina na?"

Bai jira amsa ba. Ya juya kan jakinsa, sauran suka juya tare da shi, jarkokin suna ƙara a jikin juna saboda babu komai a ciki. Daga baya na ji cewa har fadama suka je, tafiyar da mai jaki ba ya dawowa sai rana ta take.

Washegari da azahar Inna ta zo. Shi ne zuwanta na farko gidan nan, shi ne kuma na ƙarshe. Da sanda ta hauro kwarin ita kaɗai, a cikin ranar nan, ta iso tana haki. Saratu ta yi maza ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa mai sanyi a kwano. Inna ta karɓa, ta ajiye a gefe.

"Ba ni sha, ɗiyata. Ba don ke ba." Sannan ta dube ni. "Nuna min makullin."

Na ciro shi na miƙa. Ta juya shi a tafin hannunta, ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon yatsa ba.

"Wanga na? Da wanga kam musanya yayanka?" Ba ta kiran sunansa, kun sani, ɗan fari ne. "Ranar da ubanku yar rasu kana rarrahe. Shi yab bar karatu yad ɗauki kwasa yat tahi gona. Irin albasar da kaf fara shukawa, gonatai yah hito. Bai aiko ni ba, kuma in ya ji na zo sai ya yi hushi. Ni dai na zo in gani da idona."

Ta mayar mini da makullin, ta tashi. Na ce in kai ta a babur, ta ce ƙafar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita. Na bi ta a baya har bakin kwari, ba ta waiwayo ba.

Zan so in rubuta muku cewa a ranar na je na jefa wa Alhaji Bello makullinsa. Ban yi ba. Na riƙe shi har damina biyu. Na yi ta gaya wa kaina cewa in na ajiye wani ne zai ɗauka wanda ya fi ni tsanani. Abin da na yi shi ne na riƙa aika amalanke da ruwa gidanmu duk bayan kwana biyu. Yaya bai taɓa mayar da shi ba. Yakan ɗebar wa Inna nata, sauran ya kira maƙwabta su raba, shi kuwa ya ci gaba da zuwa fadama da jakinsa. Na kuma rubuta takarda na kai sakatariyar hukumar Tsohon Gari ina roƙon a haƙa musu rijiya. Mutumin da na tarar ya karɓe ni da mutunci, ya karanta, ya tambaye ni ni ɗan wace mazaɓa ne. Na faɗa masa. Ya ce to ai ni ba mutuminsu ba ne yanzu, sai dai masu garin su zo da kansu, su kuma samu wanda zai riƙa bibiyar takardar. A kan hanyar dawowa na lissafa waɗanda suka san ƙofar ofis a cikin mutanen garinmu, waɗanda in sun yi magana ake ji. Dukkanmu mun koma Tudu. Mun kwashe har muryar garin mun hau da ita.

Inna ta rasu a damina ta biyun. Da sassafe aka yi mini kira daga ƙetare, na fito da gudu na tarar kwari ya cika, don an kwana ana ruwa. Babu gada, kun sani, har yau babu. Kowane ɓangare yana cewa rabinta na ɗayan ne. Na tsaya a bakin ruwa ina hangen rufin gidanmu, ina ganin mutane suna shiga suna fita, tun safe har aka kira azahar. Da ruwa ya sauka zuwa ƙirji na faɗa na ƙetara. Na iske an yi mata wanka an sa ta a likkafani, jama'a sun taru tun ɗazu, wasu har sun fara ƙorafi. Daga baya liman ya gaya mini sau uku ana cewa a sallace ta, Yaya yana cewa:

"Ba a kai ta sai ƙanena ya zo."

Wannan shi ne mutumin da aka ce muku mai riƙo ne. Ni da shi muka sa ta a kabari. Ya riƙe wajen kai, na riƙe wajen ƙafa, kayana suna ɗigar ruwan kwari. Bayan addu'ar uku na mayar da makullin. Babu wanda ya tambaye ni dalili, aka ba wani.

Sauran kun gani da idonku. Tudu ya yi katangu masu tsawo da ƙofofin ƙarfe, aka buɗe makarantar kuɗi, aka shuka darbejiya a bakin hanya. A Tsohon Gari zauruka suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, don masu gidajen sun tashi. Samarin can su ne masu dakon albasarmu, su ne masu gadin ƙofofinmu, da safe su hauro da yamma su gangara. Bayan shekaru masu yawa an haƙa musu tasu rijiyar, aka cire kwaɗon tamu don babu mai bukata. Amma zuwa lokacin an riga an tankaɗe garin, gari ya koma gefe, tsaki ya koma gefe. Ni da Yaya ba mu taɓa yin gaba ba. Ina zuwa gaishe shi da salla, in an yi haihuwa ko rasuwa muna haɗuwa, yana amsa mini da sakin fuska. Gidana ne kawai bai shiga ba. Ni kuma, saboda kunyar abin da na yi, na rage kai ku can, don duk lokacin da na taka zauren nan sai in ji nauyi. Na bar ku kuka ɗauka shi ne ba ya son mu.

Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta na je na zauna a gefen shimfiɗarsa. Ya rame ƙwarai. Na ce masa ina neman gafara a kan maganar famfo. Ya yi ɗan murmushi.

"Har yanzu kana ɗauke da wanga abu? Na yahe maka tun ban kai fadama ba."

"To mi yah hana ka shiga gidana, Yaya?"

"In na shiga na sha ruwa mai sanyi, in dawo in ce ma maƙwabtana mi? Wani ya kamata shi zamna tare da su." Ya maida numfashi. "Ba ruwan ad damuwata ba, Garba. Ɗiyanmu na. Ba su san juna ba."

Na ce ai sun sani. Ya rufe ido bai yi mini musu ba.

Ya rasu bayan sati biyu. Na kwashe ku duka muka gangara zaman makoki, wasunku rabonsu da gidan tun suna goye. Ke Maryam, autata, a Tudu aka haife ki, kina da shekara goma sha biyar a lokacin. Na shigo cikin gida in yi wa mata gaisuwa, na gan ki zaune a ƙofar ɗakin Inna. Wata yarinya tsararki ta kawo miki fura a ƙwarya, idanunta sun kumbura don kuka. Kika karɓa da ladabi, kika yi mata godiya, sannan kika tambaye ta:

"Ke 'yar wane gida ce?"

Zainabu ce, autar baffanki. Ta ce miki, "Nan." Ba laifinki ba ne, kada ki ɗauka na rubuta don in kunyata ki. Ni ne ban taɓa kai ki ba. Na fita zaure na zauna cikin maza, aka yi ta ba ni haƙuri a kan rashin yayana, ni kuwa ba shi kaɗai nake yi wa kuka ba.